Kada Kwalbar Ta Tsaya

Litinin, 7 ga Afrilu 1975, bayan la'asar

Mutum an zo kama shi, za a sa shi a mota, matarsa na tsaye a zaure ko mayafi ba ta gama yafawa ba, amma abin da ya ga ya dace ya faɗa mata shi ne, "Luba, kada kwalbar ta tsaya." Ko "ki yi haƙuri" babu. Tun ranar Alhamis nake jin haushin maganar nan. Yau na zauna in rubuta ta ko na huce, sai na tarar dariya take ba ni. Malam ke nan.

Bari in rubuta yadda abin yake, don in na rikice in dawo in karanta. A ɗakinsa, jikin tagar gabas, akwai akwatin gilashi cike da ruwa. A ciki akwai yashi, da ganyaye masu rai a ƙarƙashin ruwan, da 'yan kifaye masu jan wutsiya waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. A Jibiya fa, a bazara, lokacin da gulbi ya ƙafe har sai 'yan garuwa sun haƙa yashi kafin su cika garwa. Ba mu da lantarki, balle injin hura iska irin na Baturen Maraɗi da ya ba shi kifin. Ganyen ne ke ba kifi iskar shaƙa. Shi kuma ganyen akwai iskar da yake ci, Malam yana ce mata kabon, samar da ita ne aikin kwalba. Ruwa, sukari, da ɗan yis na masu burodi. A toshe baki, a ja siririyar robar ƙarin ruwa irin ta asibiti daga kwalba zuwa cikin akwati. In haɗin ya tashi sai iska ta riƙa fita a bakin robar ƙwaya ƙwaya. In ta tsaya ganye ya mutu, ruwa ya ɓaci, kifi ya bi.

Ma'auninsa shi ne ƙwaya ɗaya duk subhanallahi ɗaya, wanda aka faɗa ba da gaggawa ba. Yau sai da na kai Allahu akbar kafin ɗaya ta fito.

Talata, 8 ga wata, bayan azahar

Na dawo daga makaranta na yi haɗin farko da hannuna. Da na buɗe tsohuwar kwalbar, Allah na tuba, warin da ya buge ni irin wanda ke tashi a bayan tasha ne. Na san da shi, amma ban taɓa sa hancina kusa ba. Kullum Malam ne ke kai ta ban ɗaki ya juye a rami, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Farkon aurenmu na taɓa tambayarsa, ya ce, "Abin da ke ciki ba namu ba ne, iskar kawai muke so." Na yi yadda yake yi.

Yis kuwa na zuba shi da hannu sake. Na ce gara ya yi yawa da ya kasa.

Laraba, bayan asuba

Na tarar da kifin duka a saman ruwa, baki buɗe, suna haki. Robar kuwa tana ta zubo iska kamar tukunya na tafasa. Sai a lokacin na tuna duk magariba in zai fita masallaci yakan zare robar daga ruwa, don ganye ba ya cin komai a duhu, iskar sai ta taru ta shaƙe kifi. Shekara da shekaru ina kallonsa yana yi, ban taɓa tambayar dalili ba sai sau ɗaya, shi ma ban saurara ba.

Na kwashe ruwan saman, na zuba musu rabin randarmu ta sha. Ba wanda ya mutu. Ga 'yan aji uku can suna jirana.

Alhamis, da magariba

Ɗantala, abokinsa direban babbar mota, ya je Katsina inda aka tsare Malam. Ba su bari ya gan shi ba.

Asabar, 12 ga wata, da hantsi

Kwalbar da ta so ta kashe min kifi ranar Laraba yau ta mutu murus. Zafi ne. Haɗin ya yi gudu ya cinye sukarinsa, ya kwanta.

Na zauna a ƙasa ina kallon akwatin, na rasa yadda mutum ɗaya ya haɗa wannan abu. Gilashin na gaban tsohuwar motar roka ne da ta faɗi a hanyar Kauran Namoda, shi ya saye shi ya kai aka yanka. Ƙarfen gefe mai walda ya yi masa, sai da suka sake sau uku. Kwalta ya narka ya toshe kowace kusurwa da tsinke. Abokan aikinsa da aka ƙara musu albashi kowa ya sayi babur sabo, wasu har rediyo mai kaset, shi kuwa ya dawo gida da damin ganye a cikin bokiti daga Zariya, yana riƙe da shi a cinya tun daga can. Har gori na yi masa a ranar. Malamin gona guda, an ba ka makullin sito, kowa na... to. Ba zan rubuta wannan ba.

Abin da na lura yau: kwalabe biyu yake ajiyewa, ba ɗaya ba. Ɗaya sabuwa, ɗaya tsohuwa, robobinsu sun haɗu. Kafin tsohuwa ta gaji sabuwa ta kama. Ni ban ko kula da ta biyun ba, tana bayan tebur a bushe.

Da yamma Inna, mahaifiyarsa, ta iso daga Gangara, inda ta koma da zama bayan ta tsufa a unguwar nan, da ƙullin kayanta a ka. Ta ce ta zo ta taya ni zama. Na gyara mata ɗakin da ke jikin nasa. Ba ta tambaye ni komai a kansa ba, ba kuma za ta tambaya ba. Ɗan fari ne. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. "Wancan" take cewa. Ta leƙa akwatin ta ce, "Kifin da ba a ci, wahala ta nemi mai yi." Ta wuce ta yi alwala.

Lahadi, ranar kasuwa, bayan la'asar

Gari ya cika. Motocin hatsi da na fetur sun yi layi har bakin iyaka, babura kamar za su tashi da mutum. Na fita sayen sukari, mata biyu suka ga ni suka yi shiru. Oho dai.

Ɗantala ya kawo min yis daga Maraɗi a ƙulle cikin takarda. Ya tsaya a zaure yana juya hularsa. Ya ce, "Amarya, maganar buhunan nan da aka ce sun ɓace a sito, ko ni da nake kwana a kan hanyar nan na san ba hannunsa." Har yau amarya yake ce min. Na ce masa ni yis na aike shi.

A ƙarƙashin teburin Malam na sami wani kasko cike da busasshen yashi, da shatin gindin kwalabe biyu a ciki. Na daɗe ina dubansa kafin na gane. Bazarar bara a cikin jiƙaƙƙen yashi yake binne su, yadda ake yi wa randa, don sanyi ya rage musu gudu. Ban san lokacin da na ce, "Kai, Malam," da ƙarfi ba. Na jiƙa yashin, na yi haɗi da yis kaɗan, ɗan abin da zai zauna a kan farce. Ta biyun sai tsakiyar mako.

Laraba, 16 ga wata, bayan azahar

Subhanallahi, ƙwaya. Subhanallahi, ƙwaya. Tun Litinin haka take, ba ta ƙara ba ta rage ba. Da rana in hasken taga ya sauka, ganyen da kansa yake fitar da 'yan ƙananan kumfa a jikinsa. Malam ya ce in ka ga haka ganye ya ƙoshi. Na haɗa ta biyun. Yau na ci tuwo har na ƙara.

Alhamis, bayan azahar

Na dawo daga makaranta, shiru. Duka biyun. Ko ƙwaya ɗaya.

Juma'a, da yamma

Jiya na sake haɗi, da safe na bar su sun fara motsi, na dawo sun mutu. Toshiyar lafiya lau, na shafa ruwan sabulu a jikin robar ban ga inda take yoyo ba. Inna na tsakar gida tana kaɗi, azumi take yi tun da ta zo, ban san na mene ne ba.

Litinin, 21 ga wata, bayan la'asar

Asabar da Lahadi suna aiki kamar ba su ba. Yau kuma sun mutu. Dogayen ganyen baya sun fara rawaya, gansakuka ta fara kama gilashi. Kifi ɗaya ya mutu, mace, mai ciki. Na kwashe ta da ludayi na binne a gindin zogale, kuma wallahi kuka na yi, kukan da ban yi ba ranar da suka zo.

Na aika aka kira Ɗantala na wanke shi tas, na ce yis ɗin banza ya kawo min. Bawan Allah sai ya ce a ba shi kofi da ruwan ɗumi da sukari. Kafin mu gama gaisawa kofi ya yi kumfa har ya zubo. Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, amarya, gara ki zage ni da ki yi shiru."

Talata, da magariba

Yau ban sake haɗi nan take ba. Na buɗe matacciyar kwalbar na shinshina. Ba wari. Na ɗiga kaɗan a bakin ramin kiyashi, na tsuguna ina kallo. Suka zo suka kewaye suka wuce abinsu.

Ba sukari a ciki. Ruwan randa ne zalla. Mu biyu ne a gidan nan.

Laraba, 23 ga wata, bayan azahar

Hedimasta ya kira ni ofis tun kafin tara, ya ce in ɗan huta a gida har abubuwa su lafa. Bai iya dubana ba. Na ajiye masa alli a kan tebur na fito.

Na shigo gida ban yi sallama da ƙarfi ba. Inna na ban ɗaki, na hango ta ta ƙofar zana. Ta juye kwalba ɗaya a rami ta bi da toka, tana cuɗa cikin ɗayar da toka da tsumma, ta ɗaure hancinta da bakin zane. Tsohuwar da gwiwa ke damu, a tsugune, a cikin wannan rana.

Na ce, "Inna."

Ba ta firgita ba. Ta ɗauraye kwalbar ta cika ta da ruwa, sannan ta ce, "Shekara talatin ina toya waina bakin tasha, ɗiyata. Na san warin ga."

Na ce, "Inna, ba abin da kike zato ba ne."

Ta ce, "Ban tambaye ki ba. Ke mace ce, kin rufa mishi asiri, Allah shi rufa miki. Ni ma abin da nike yi ke nan. In anka zo anka iske wanga abu ɗakinshi, da wane ido za shi dubi garin ga?" Sai muryarta ta sauka. "Na ce ko shi ne ya jawo mishi abin da ya same shi."

Ashe azumin ke nan. Tun ranar da ta share ɗakin ta ji warin take ɗauke da wannan ita kaɗai, ba ta iya tambayata, ba ta iya kiran sunansa ko a addu'a a gabana.

Na kama hannunta na kai ta gaban akwatin, na yi mata bayani tun daga sukari har ganye, yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "In anka sha, tana bugarwa?"

Na so in ce a'a. Na ce, "Malam ya ce tana bugarwa."

"To giya ce."

"Amma ba ya sha, Inna. Ko a harshe. A rami yake zubarwa, inda kika zubar."

"Kin gani da idonki?"

"Kullum."

Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta miƙe da ƙyar, a bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Amma dai giya ce." Ta shiga ɗakinta ta saki labule.

Juma'a, bayan la'asar

Ban yi haɗi ba. Ba ta hana ni ba, amma yaya zan dama abin nan uwarsa na gida tana jin wari? Ta sha ruwa jiya, ta daina azumin. Muna gaisawa, muna cin abinci, ba mai tada maganar.

Haushinta nake ji, kuma na rasa inda zan ajiye haushin. Kifina ta kashe. Amma duk sanda na tuna ta a tsugune da toka sai in ji kunya ta kama ni, ban san ta mece ce ba.

Lahadi, 27 ga wata, da yamma

Ɗantala ya gan shi. Ya ce ya rame amma da ƙafarsa ya fito. Na ce me ya ce? Ya sosa ƙeya ya ce, "Ya ce in tambaye ki kwalba." Na ce ka gaya masa lafiyarta ƙalau.

Sannan ya rage murya. Ranar Alhamis za su zo duba ɗakinsa, da mai unguwa a matsayin shaida, duk abin da aka gani za a rubuta. Ya ce, "Ki fitar da kwalaben nan daga gidan, ki turara ɗakin. Ba su sami abin da suke nema a kansa ba, yanzu ko mene ne za su ɗauka." Na ce ai na kifi ne, kowa ya duba zai gani. Ya ce, "Amarya, ba za su rubuta kifi ba. Za su rubuta an sami giya a ɗakinsa."

Inna na bayan zana tana tsince shinkafa. Na san ta ji.

Litinin

Biyu sun ƙara mutuwa. Ruwan ya fara kore.

Talata, 29 ga wata, da hantsi

Na wanke kwalaben na kife su a bayan murhu. Na zare robar na naɗe. Shi ke nan, Malam, ka yi haƙuri. Abu ɗaya ka ce in yi.

Na fito daga wanka na tarar da Inna a ɗakinsa, ta jawo tabarma gaban akwatin ta zauna, carbi a hannu amma ba ta ja. Wani ɗan kifi yana bin yatsanta ta jikin gilashi. Ba ta juyo ba ta ce, "Duk wanga shi ya yi da hannunshi?"

Na ce shi ne. Na ba ta labarin gilashin roka, da kwalta, da bokitin Zariya.

Ta ce, "Hm." Can kuma ta ce, "In babu iskar, kwana nawa za su kai?"

Na ce ban sani ba, amma ba za su kai damina ba.

Ta ce, "Wancan bai taɓa roƙon kowa komi ba. Ko yana yaro." Ban taɓa jin ta faɗi magana mai tsawon wannan a kansa ba. Na yi shiru don kada ta ji kunya ta daina, amma ta riga ta daina.

Laraba, bayan azahar

Da sassafe na ji ana ƙwanƙwasa bango. Na shiga ɗakin Malam na ga ƙasa na zubowa a bayan akwatin, sai ga bakin ƙarfen dagi ya leƙo. Inna ce daga ɗakinta take huda katangar. Na zagaya da gudu na ce ta kawo in karɓa, ta ce in je in nemo roba mai tsawo. Na samo a wurin mai kemis na haɗa da tsohuwar.

Ta sa na kawo kwalaben da sukari da yis ɗakinta. Na miƙa hannu zan fara awo, ta buge min hannu kamar yarinya. "Kar ki taɓa. Faɗa min kawai." Na faɗa, ta auna, ta dama, ta toshe, duk da hannunta, fuska a ɗaure, tana istigfari a hankali. Da na ce yis kaɗan, ta harare ni ta ce ta san halin ƙullu a bazara tun ba a haife ni ba. Ta tona yashin gindin randarta ta binne kwalba ɗaya, ta ce ɗayar sai jibi, ko ba haka wancan ke yi ba? Muka zura robar ta ramin, na liƙe gefensa da laka.

Na ce, "Inna, ɗakinki zai yi wari fa."

Ta ce, "Hancina ne."

Kafin la'asar ƙwaya ta farko ta fito.

Alhamis, 1 ga Mayu, da yamma

Sun zo da hantsi, su biyu, da mai unguwa Abu a bayansu yana ta sallama kamar shi ya yi laifi. Sun zazzage akwatin tufafi, sun ɗaga katifa, sun kwashe takardu. Ƙaramin cikinsu, mai sabon takalmi, ya tsaya gaban kifin ya daɗe. Har murmushi ya yi. Sai ya ga robar. Ya bi ta da yatsa daga ruwa har bango.

Ya ce, "Wannan ina ta je?"

Na buɗe baki zan amsa. Sai muryar Inna daga tsakar gida: "Ɗakina."

Suka fito. Ya nufi ƙofarta, mai unguwa ya tare shi ya ce, "Haba, samari, ɗakin uwar mutum ne. Hajiya Uwa ce fa, duk unguwar nan ita ta wanke rabinmu muna jarirai." Da ta yi shiru da shi ke nan, sun wuce. Amma iska ta riga ta kaɗa labulen, na ga hancin mutumin ya motsa, na ga ya waiwaya yana duban ɗakin Malam, alƙalami a hannu.

Inna ta tashi ta yaye labulen da kanta gaba ɗaya. Warin ya fito tsakar gida, ba wanda bai ji ba. Ta ce, "Ga ta can gindin randa. Ni na dama ta da hannuna, ba wanda ya taɓa min. Ɗakina ne, randata ce. In rubutawa za ka yi, sunana Uwa."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ta buge min hannu. Ko a nan ba ta yarda ta yi ƙarya ba.

Mutumin ya ce, "Hajiya, kin san ko mene ne wannan?"

Ta ce, "Na girme ka da saninta."

Babban ya ja hannunsa ya ce ba tsohuwa aka aiko su bincika ba. Bai rubuta ba. Mai unguwa ya fita kansa a ƙasa, ko sallama bai yi mata ba.

Da suka tafi na durƙusa a gabanta. Ta ce in tashi in jiƙa yashi, ya fara bushewa.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan la'asar

Gari ya ɗauka. Ba wanda ya ambaci kifi. Abin da ake faɗa shi ne Hajiya Uwa, da ta je Makka da kuɗin waina, tana dafa giya a gindin randa. Na tsaya a bakin rijiya na yi wa mata bayani har muryata ta dushe, wata ta ce, "Allah sarki, surukar kirki, tana kare ta."

Ma'u maƙwabciyarmu ta haihu ranar Juma'a. Inna ce ta yanke wa Ma'un cibiya, amma ba a aiko a kira ta wankan jariri ba. Yau ta dama kunun kanwa mai kyau ta ba ni na kai. Da la'asar aka dawo da kwanon a rufe, yadda na kai shi. Na so in ɓoye, ta riga ta gani. Ta buɗe ta duba, ta ce a kawo ludayi biyu kada ya lalace. Muka sha.

Ban taɓa ganin mutum irin matar nan ba. Na zaci Malam shi kaɗai ne irinsa, ashe gado ya yi.

Laraba, da hantsi

Ganyen baya ya fid da sabon toho, ruwan ya washe. Ita ke zare robar da magariba yanzu, ta riga ni tunawa.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan magariba

Ya dawo. Ɗantala ya sauke shi a ƙofar gida da la'asar. Rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa, ta yi masa yawa. Ban tambaye shi komai ba, bai faɗa ba, makullin sito dai ba ya aljihunsa.

Ya tsuguna daga nesa ya gaida Inna. Ta kawar da kai ta ce wa bango, "An dawo lahiya?" Ta tashi ta shige ɗaki.

Ko ruwa bai sha ba ya shiga wurin akwatin. Na tsaya a bayansa. Na ga leɓensa na motsi, yana auna fitar iskar, ya gyaɗa kai. Ya ƙirga kifin da ido, ya ga waɗanda babu. Ya duba ƙarƙashin tebur, ba kwalba. Sai ya bi robar da yatsa har inda ta shige bango, ya tsaya. Ya juyo ya dube ni. Na gaya masa duka, har kwanon kunu.

Ya fita ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, bai taɓa labulen ba. Ya ce, "Inna, a ba ni kwalaben in mayar ɗakina. Gobe zan je wurin mai unguwa da liman in faɗa musu nawa ne."

Can ta ce, "Luba."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Gaya ma wancan su zamna inda suke. Garin ya riga ya san nawa ne, shi kuwa yana da sauran zama cikinshi."

Malam ya zauna a ƙasa a wurin, ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska. Na bar su, na je na ɗora masa ruwan wanka.